Sayen kayan gida ta intanet daga Zariya: daga awo har zuwa buɗe kwali

Yawancin kayan da mutanen Zariya ke yin odarsu ta intanet su iso a ji haushi, ba damfara ce ke jawowa ba. Kayan sun zo, kuma su ne a hoton. Sai dai tukunyar da aka zaci za ta ciyar da gidan mutum goma ta zo ba ta fi ta dafa wa yaro taliya ba, zanin gadon ya kasa rufe katifa, dutsen gugan kuma da an jona shi janareta ya mutu. Hoto ba ya faɗin girman abu, ko nauyinsa, ko yawan wutar da yake ci. Lambobin da ke rubuce a ƙarƙashin hoton su ke faɗa, su ne kuma aka fi tsallakewa. Saboda haka aikin yana farawa da tef ɗin tela da biro da takarda, tun kafin a ɗauki waya.

Da farko: shin abin ya cancanci oda?

Ka tambayi farashinsa a kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada ko Samaru, ko da ta waya ne. Sannan ka haɗa cikakken kuɗin odar, ba wanda aka rubuta da jan rubutu kawai ba. Mu ɗauka, a matsayin misali, an sa fulas ɗin shayi naira 9,000. Kuɗin aikowa 3,500, na yaron tasha 500, keke zuwa Kwangila, inda motoci ke sauke kaya, da dawowa 1,200. Ya kama 14,200 ke nan. In irinsa 12,500 ne a Sabon Gari, inda za ka buɗe shi ka duba murfi ka dawo da shi gobe in yana yoyo, to odar ba ta da amfani.

Kaya masu nauyi ko cin wuri amma marasa tsada, irin su bokiti, robobi, garin sabulu da tabarma, kusan kullum kasuwa ta fi. Abin da ya fi dacewa da oda shi ne mara nauyi, mai ɗan daraja, wanda ba a cika samun kalarsa ko sayis ɗinsa a gari ba: abaya, takalmi, agogo, ƙananan na'urorin kicin, kayan gyaran waya, jakar makaranta.

Hanyoyin sayen uku ne, kowace da irin kariyarta. Akwai manyan dandalin cikin gida kamar Jumia da Konga, waɗanda duka suka fara aiki a 2012. A nan kuɗinka yana bi ta hannun kamfani, akwai kuma ƙa'idar mayar da kaya. Akwai na ƙetare kamar AliExpress da Temu, masu araha amma sai an yi haƙurin makonni. Sai kuma 'yan kasuwar WhatsApp, Instagram, TikTok da Facebook, masu aiko da kaya ta mota daga Kano, Kaduna, Legas ko Onitsha. A wannan ta ukun babu mai tsaya maka, amana ce kawai tsakaninka da mai kaya. Jiji kuwa allon talla ne: yana haɗa ka da mai sayarwa, cinikin naku ne ku biyu, don haka a can a ga kaya da ido kafin a biya.

Awo

Nan ne ake cin riba ko a yi asara, don haka bari mu daɗe a kai.

Zanin gado. Gadonmu da ƙafa ake auna shi: 6 da 6, 6 da 4 da rabi, 6 da 7. Masu sayarwa na waje kuma da santimita suke rubutawa. Ƙafa 6 santimita 183 ce, ƙafa 4 da rabi kuma 137. Amma faɗin katifa kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da kaurinta. Katifa mai inci 10 kaurinta santimita 25 ne, gefe biyu 50. Ka ga gadon 6 da 6 yana buƙatar 233 kafin ma zanin ya rufe gefuna, in kuma ana son a cusa shi ƙarƙashin katifa sai an ƙara kamar 15 kowane gefe, ya tashi wajen 260. Zanin da aka rubuta 200 da 230 zai zauna a saman katifar ne kawai, yara na hawa ya tattare. In mai roba ne a kusurwa, a nemi zurfin aljihunsa a rubuce, ya fi kaurin katifar da ɗan kaɗan. Kada a dogara da sunayen girma na Turawa: abin da ake kira babban gado a Ingila faɗinsa 150 ne, na Amurka 193, babu wanda ya yi daidai da namu.

Labule. Faɗinsa ya ninka faɗin taga sau ɗaya da rabi zuwa biyu, in ba haka ba zai miƙe fayau ba tattara. A kuma duba ko farashin na falle ɗaya ne. Hoton yakan nuna falle biyu ko huɗu a rataye, alhali can ƙasa an rubuta 1pc, wato guda ɗaya.

Tukunya da kula. A nemi faɗin baki da zurfi, ko yawan lita. Tukunya mai faɗin santimita 24 da zurfin 11 tana cin kusan lita 5. Mai faɗin 16 ba ta kai lita 2 ba. Uwargida ta auna bakin tukunyar da take dafa shinkafar gida da ita kullum, ta rubuta, ta riƙa gwada kowace talla da wannan lambar. A lura da yadda ake ƙirga saiti ma: in an ce guda 10, sau da yawa tukwane 5 ne da murafensu 5.

Takalmi. A taka farar takarda a tsaye, da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a zana daga diddige zuwa yatsa mafi tsawo, a auna da santimita, a ƙara rabin santimita zuwa ɗaya. Da wannan za a duba jadawalin mai sayarwa. Lamba 42 ta wani kamfani 41 ce a wajen wani, musamman kayan Chaina.

Tufafi. Kada ka auna jikinka, ka auna rigar da ta fi zauna maka. Ka shimfiɗa ta, ka auna daga hammata zuwa hammata ka ninka biyu, sannan daga kafaɗa zuwa ƙasa. XL ɗin Asiya yakan yi daidai da L ko ma M a nan. Lambar abaya da jallabiya, 54, 56, 58, tsawo ne da inci daga kafaɗa zuwa ƙasa, ba faɗin jiki ba. Mace mai jiki ta tambayi faɗin ƙirji daban.

Yadi. Turmin atamfa yadi 6 ne, kusan mita 5 da rabi, domin yadi ɗaya santimita 91 ne. Mai sayar da leshi ko shadda ya faɗa maka da yadi yake awo ko da mita, kuma guda ɗaya ne ko an haɗa yanki biyu. In kayan sun iso kana shakkar auduga ce, ka zaro 'yan zare daga gefe ka sa ashana: auduga tana ƙonewa ta zama toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri.

Kayan wuta

Wutarmu bolt 230 ce, soket ɗinmu kuma mai ramuka uku masu kusurwa ne irin na Ingila. Duk na'urar da aka rubuta mata 110V ko 120V kaɗai, ta kasuwar Amurka ce, jonawa ɗaya za ta ƙone, babu kuma wanda zai mayar maka da kuɗi tunda kai ka zaɓa. A nemi 220–240V ko 100–240V. A wurin zaɓen fulogi a danna UK, wato na Ingila. In babu, EU, na ƙasashen Turai, mai ƙafa biyu zai yi da adafta, amma ba a so a ɗora masa abu mai cin wuta sosai.

Sai wat, wato yawan cin wuta. Dutsen guga yana cin 1,000 zuwa sama da 2,000, butar dafa ruwa 1,500 zuwa 2,200, na'urar markaɗe ta gida 300 zuwa 600. Ƙaramin janaretan nan da aka rubuta wa 950, abin da yake iya ɗauka a kai a kai bai wuce wajen 650 ba, inbata mai 1kVA kuma kusan 800. Wanda ya san rabin rayuwar gidansa a kan janareta ko sola take, ya fara da wannan lissafin. Butar lantarki mai wat 2,000 a irin wannan gida ado ce, sai ran da aka kawo wuta.

Abin cajin tafi-da-gidanka, fawa banki, nan ƙarya ta fi yawa. Na gaskiya mai 20,000mAh, wato ma'aunin girman batirinsa, yana da nauyi a hannu, wajen giram 350 zuwa 450, a jikinsa kuma za a ga 74Wh, wato yawan wutar da yake ajiyewa. Ba zai cika waya mai batirin 5,000 sau huɗu ba, domin wani kaso yana tafiya a zafi da sauyin ƙarfin wuta. Sau biyu da rabi zuwa uku shi ne daidai. In ka ga an rubuta 50,000 ko 100,000 a abin da bai fi tafin hannu ba, kuma nauyin da aka rubuta giram 200 ne, wuce shi.

Fanka mai caji, wadda ake rububinta daga Maris zuwa Afrilu in zafi ya tsananta, batirinta za a duba. A ninka lambobi biyun da ke jikin batirin, bolt (V) da Ah, a sami Wh. Batiri mai 6V da 4.5Ah yana ba da 27Wh. In fankar tana cin wat 15 a lamba ta ƙarshe, ba za ta kai awa 2 ba. Awa 8 ko 10 da ake rubutawa a kwali a lamba ta ɗaya ake nufi, iskar da ba ta korar ko sauro. Mai 12V da 7Ah ya ba da 84Wh, shi ne zai raka mutum wani yanki mai kauri na dare. Batiri mai nauyi irin na dalma yana lalacewa in ya daɗe a sito ba caji, don haka sabuwar fanka ma tana iya zuwa da mataccen batiri. Wannan na cikin abin da za a gwada a ranar farko.

Abin shafawa da na wanka

Man shafawa, sabulu, man gashi da turare, a duba mililita: kwalbar da ta cika allo tana iya zama 30ml. A nemi mai sayarwa ya ɗauki hoton bayan ainihin kwalbar da zai aiko, a ga lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Man da aka haɗa a gida aka zuba a roba ba suna ba jerin sinadarai, aka ce yana haskaka fata cikin mako guda, a bar shi. Irinsu ne ake samun sinadarin mercury da magungunan da ke sa fata ta yi siriri ta riƙa tsagewa. Kayan ruwa kuma a roƙi a naɗe murfinsu da salatif a sa a leda daban, domin kwalin zai sha rana da jijjiga a bayan mota.

Tantance mai kaya

A dandali, ka fara karanta sharhin masu tauraro ɗaya zuwa uku, musamman masu hoto. Su ke nuna ainihin launi da girma. In mutum biyar sun yi ƙorafi iri ɗaya, ka ɗauka kai ne na shida. Ka kuma tabbata farashin da ka gani na abin da kake so ne. Akan sa hoton babban abu da farashin ƙaraminsa ko na murfinsa kaɗai, sai ka danna zaɓi kuɗin ya sauya. Rangwamen watan Nuwamba ma a bi shi da hankali: ka ajiye hoton farashin tun Oktoba, ka ga ko da gaske an rage.

Ga 'yan WhatsApp da Instagram, ka nemi bidiyon kayan a hannu, a cikin hasken rana, a ambaci sunanka ko ranar a ciki. Mai kaya a ƙasa ba ya jin nauyin wannan. Wanda ya kwafo hoton wani ne zai fara kawo uzuri. In ya ce yana da shago a Kantin Kwari ko Farm Centre a Kano, ka tura wani naka ya leƙa, Zariya ba ta rasa mai shiga Kano kullum. In ya ce yana da rajista, ana iya duba sunan kasuwancin kyauta a shafin binciken CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Sannan ka fara da ƙaramar oda. Kayan lefe ko na ɗakin amarya ba da su ake gwada sabon ɗan kasuwa ba.

Adireshi da biyan kuɗi

Gidaje da yawa, musamman a cikin birni da unguwanni irin su Gyallesu, Tudun Jukun da Hayin Dogo, ba su da lambar da baƙo zai gane. A rubuta unguwa, layi, da alamar da kowa ya sani: masallaci, makaranta, gidan mai. A sa lambar waya biyu, ɗaya ta wanda ke amsa baƙuwar lamba. Mai kawo kaya in ya kira sau biyu ko uku ba a ɗauka ba, kayan suna komawa. In matar gida ce ta yi odar amma maigida ko ƙaninta zai karɓo, a sa sunan mai karɓar, ko a tura masa lambar odar tun da wuri. Ɗalibai da ma'aikatan Samaru, Kongo da Shika sukan fi samun sauƙi in sun zaɓi wurin karɓa maimakon kawowa gida, galibi ya fi araha. Amma ana ba da 'yan kwanaki ne kawai kafin a mayar. Dandalin ƙetare za su nemi lambar gidan waya; na yankin Zariya da 810 suke farawa.

Inda aka ba da zaɓin biya bayan kaya sun iso, a ɗauke shi. In ta kati ne, ya fi kyau a ware asusu guda na sayayya, a riƙa zuba masa iya kuɗin odar. Kada a yarda mai sayarwa a dandali ya ja ka gefe ya ce ka tura masa kai tsaye zai rage maka; da ka fita daga dandalin kariyarka ta ƙare. In tura kuɗi za ka yi wa ɗan WhatsApp, ka tsaya ka karanta sunan da ya fito bayan ka sa lambobi 10 na asusun. In ya saɓa da sunan mai kayan ko na shagon, ka tambayi dalili kafin ka danna. A wajen bayani ka rubuta abin da ka saya, ka ajiye rasit. Ka nemi ku yi rabi yanzu, rabi in kaya sun hau mota an turo maka hoto da lambar direba.

PIN, lambobi 3 na bayan kati, da lambar OTP da banki ke turowa, babu ma'aikacin kamfani ko na banki da ke da hurumin tambayarsu. Wanda ya kira ya ce odarka ta maƙale, ko za a mayar maka da kuɗi amma sai ka karanto masa lambar da ta shigo, ɓarawo ne, ko da ya faɗi sunanka da abin da ka saya daidai.

In ta mota za a aiko

Kafin motar ta tashi ka san abu huɗu: lambar direba, lambar mota, inda zai sauke, da ko an biya kuɗin webil, wato na aiko da kayan, ko kai za ka biya. Wannan na ƙarshen shi ke haddasa rigima a tasha. Motocin da ke wucewa tsakanin Kano da Kaduna sukan tsaya a Kwangila ko Ɗan Magaji, kuma direba da fasinjoji a mota ba zai jira ka taso daga Samaru ko Kofar Gayan ba. Ka kira shi ka ji inda yake, ka riga shi isa. In ya bar kayan a hannun wani a tasha, ka karɓi sunan mutumin da lambarsa, ka kuma shirya ɗan kuɗin ajiya. A rubuta sunanka da lambarka da babban rubutu a jikin kwalin ta gefe biyu. Abu mai saurin fashewa kamar gilashi a ce a sa shi gaba ko a saman kaya. Da damina kuma a naɗe kwalin da leda. Makon Sallah tasha takan cushe kuma kuɗi ya hau, kayan Chaina su ma sukan yi jinkiri a lokacin hutun sabuwar shekararsu, tsakanin Janairu da Fabrairu. Kayan Sallah daga ƙetare a yi odarsu tun kafin azumi ya kama.

Buɗe kwali

Kada a bari yara su yage shi a ƙofar gida. A sa wani ya riƙe waya, a ɗauki bidiyo ɗaya ba yankewa: a nuna takardar adireshi, a juya kwalin ta kowane gefe a ga ba a taɓa buɗe shi ba, a yanka, a fito da kaya ɗaya bayan ɗaya ana ƙirgawa, a ɗora tef a kai lambar ta fito. Wannan bidiyon shi ne hujjar da ake karɓa in an ce ka sauya kaya ko kai ka fasa.

Kayan wuta a gwada su a ranar. In babu wuta a unguwa, a kai shagon cajin waya ko gidan maƙwabci mai janareta, kada a zauna jira kwanakin mayarwa suna tafiya. Fulas a cika shi da tafasasshen ruwa da dare. In bayansa ya yi ɗumi a hannu, ko da safe ruwan ya huce, ya lalace. Fanka a cika ta da caji a kunna a lamba ta ƙarshe a duba agogo. Tufafi a gwada ba tare da cire tambari ba, ba turare, ba wanki. Kwali da ledoji su zauna har sai an gamsu, domin da su ake mayarwa.

In an sami matsala, kada ka danna cewa ka karɓa lafiya, kada kuma ka tsaya dogon musu a waya. Ka buɗe ƙorafi a cikin manhajar, ka ɗora bidiyo da hoton tallar, ka faɗi bambancin a taƙaice da lamba: an rubuta santimita 24, abin da ya zo 16. A dandalin cikin gida wa'adin mayarwa yakan kasance kwana 7 ga yawancin kaya, amma kowane abu da nasa a rubuce a shafinsa, a duba tun kafin a biya. In mai sayarwa ya ce ka rufe ƙorafin zai aiko maka da wani, ka bar shi a buɗe har sabon ya iso. In an cire kuɗi oda ba ta shiga ba, ko damfara ce, ka sanar da bankinka nan take a rubuce ka karɓi lambar ƙorafi. In mako 2 ya wuce ba a warware ba, ka kai wa sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya, CBN. Rikici da kamfani kan kaya marasa kyau kuma hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ce ke saurarensa. Tufafin ciki, ɗan kunne, turare da man da aka riga aka buɗe galibi ba a karɓarsu, sai dai in sun zo a fashe ko ba su aka yi oda ba, kuma bidiyon ya nuna hakan.